Zuwa Yankari Da Iyali: A Kwana Cikin Daji Ko A Koma Gari?

  

A nan wajenmu Bakori, da Funtuwa da Ɗanja da Ƙafur har zuwa Malumfashi, kowa ya san idan kaka ta yi, aka cire masara, aka yanke dawa, aka kai auduga da waken suya kasuwa, to fuskar magidanta takan sake. Lokacin ne ake ɗaura aure, ake sake kwanon ɗaki, ake biyan bashin taki. Wasu magidantan kuma, waɗanda Allah ya hore wa, sukan ce bari a ɗebi iyali a kai su su buɗe ido. Wasu Kano suke nufa su shiga gidan zu, wasu Abuja, amma wurin da ya fi shiga bakin yara shi ne Yankari, don sun karanta shi a littafin makaranta, kuma an ce musu akwai giwa.

Da zarar an tsai da maganar tafiya, gardamar farko da ke tashi a tsakar gida ita ce ta wurin kwana. Maigida ya ce ɗakunan cikin dajin tsada gare su, gara a sauka a garin Bauchi a riƙa zuwa ana dawowa. Uwargida ta ce ita fa ba za ta iya jigilar yara safe da yamma ba. Wani lokacin har abin ya kai ga fushi, tafiyar da aka shirya don farin ciki ta zama sanadin gaba. Ni na ga hanyoyin nan biyu kusa da kusa. Na raka Yayata da mijinta mun kwana a ciki, gidan Kawuna kuma sun je sun sauka a gari. Shi ya sa na ɗauki biro da takarda na ce bari mu yi lissafin nan tare, don kuɗin da ake kashewa guminmu ne na damina guda, kuma ana dawowa kuɗin makarantar sabon zango na nan yana jira.

Wane Irin Wuri Ne Yankari?

Gandun dajin Yankari yana cikin ƙaramar hukumar Alƙaleri ta jihar Bauchi. An keɓe shi a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, sannan a 2006 aka mayar wa jihar Bauchi da abinta. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, wato daji ne sosai, ba irin gidan zu da ake zagayewa da ƙafa cikin awa guda ba. Dabbobin a sake suke, babu keji. Akwai giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza da mugun dawa da dorina da kada, ga gwaggon biri kamar a yi yaya, ga tsuntsaye kala-kala. Kogin Gaji ya ratsa ta cikinsa, kuma idan rani ya yi, ciyawa ta bushe, ruwa ya ƙafe a sauran wurare, nan bakin kogin dabbobin ke taruwa.

A tsakiyar dajin ne aka gina masaukin baƙi da ake kira Wikki. Akwai ɗakunan kwana manya da ƙanana, da wurin cin abinci, da ɗan gidan tarihi inda aka ajiye hauren giwa da fatu da ƙasusuwa da tarkunan da aka ƙwace daga hannun mafarauta. Daga masaukin kuma sai a gangara matakala a isa ruwan Wikki, wanda ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau kamar hawaye, da ɗuminsa kusan digiri 31 dare da rana, ko da kuwa ana tsakiyar hunturu. Akwai kuma kogunan Marshall, ramuka ne da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, da tsofaffin rijiyoyin Dukkey.

To ga inda gizo ke saƙar. Yawancinmu idan muka ji an ce Yankari na Bauchi, sai mu ɗauka kamar daga Bakori ne zuwa Funtuwa. Ina! Daga garin Bauchi sai an bi titin Gombe har Dindima, a karya kwana a nufi Mainamaji inda babbar ƙofar shiga take. Daga ƙofar kuma akwai sauran tafiyar kimanin kilomita 40 cikin daji kafin a isa Wikki. Duka-duka daga gari zuwa masaukin kusan kilomita 110 ne, tafiyar wajen awa biyu. Ki riƙe wannan lambar da kyau, don duk lissafinmu a kanta zai tsaya.

Kuɗin Da Ba A Rubuta A Jikin Rasit

Idan kika ajiye farashin ɗaki a Wikki kusa da farashin ƙaramin otal a cikin gari, babu tantama za ki iya samun na gari da ya fi sauƙi. A gari otal-otal suna da yawa, idan wannan bai yi miki ba ki tafi wancan, har a yi ciniki. A cikin daji kuwa masauki ɗaya ne, babu kishiya. Haka abinci. A gari kina iya aika yaro ya sayo waina, wadda mutanen Bauchi ke ce wa masa, da miyarta, kowa ya ci ya ƙoshi da kuɗi kaɗan. A Wikki babu mai koko a bakin titi, babu mai shayi a lungu. Duk abin da aka dafa a can sai da aka yi dakonsa daga nesa, don haka dole kuɗinsa ya ɗara.

Har nan maigida yana da gaskiya. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda ya kwana a gari yana son ya yi kwana biyu yana kallo, to kullum sai motarsa ta ci kilomita 220 zuwa da dawowa. Mu ƙaddara motar tana shan lita ɗaya a kowane kilomita goma. Kin ga ke nan rana ta biyu kaɗai ta ƙara masa lita 22 wadda wanda ya kwana a ciki bai ƙona ba. Idan bas ce mai ɗaukar mutum goma sha, shan manta ya wuce haka. Da can ana iya kau da kai ga wannan, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi tashin gwauron zabo, har ta haura naira 1,000 a wurare da dama cikin 2024. Don haka ki tambayi farashin lita a ranar da kike lissafin, ki ninka sau 22, ki ɗora a kan kuɗin wannan ɗakin mai araha, sannan ki sake dubawa ki ga ko har yanzu mai araha ne.

Wanda ba shi da motar kansa nasa lissafin ya fi nauyi. Hanyar Wikki ba irin ta Funtuwa zuwa Zariya ba ce da mota ke cika tana tashi duk bayan ɗan lokaci. Sai dai a ɗauki shata, kuma direban shata yininsa duka kuka saya, har da zaman jiran da zai yi muku a ƙarƙashin bishiya, da abincinsa na rana. Kwana biyu, shata biyu. Sannan akwai kuɗin shiga da ake biya a ƙofa. Kafin ku yanke shawarar fita ku dawo gobe, a tambayi ma'aikatan ƙofar tun ranar farko ko takardar yau za ta yi aiki gobe, kada a wayi gari a biya abu ɗaya sau biyu.

Abin Da Aka Je Nema

Duk wannan lissafin mai ne da ƙarfe. Akwai wanda ya fi shi, wato lissafin lokaci. Namun daji ba su san an zo daga Bakori don ganinsu ba. Da sanyin safiya suke fitowa kiwo da shan ruwa, sai kuma da la'asar sakaliya. Rana na take tsaka sai kowa ya shige inuwa ya lafe. Saboda haka ne ma motar da ke zagayawa da baƙi cikin daji, tare da ma'aikacin da ya san hanya, safe da yamma take fita.

Yanzu ki duba wanda ya kwana a gari. In yana son ya riski fitar safe, sai ya tashi yara tun kafin assalatu, a yi wanka, a shirya, a kama hanya cikin duhu. In kuma ya tsaya fitar yamma, kafin a dawo masauki rana ta yi ja, ga tafiyar awa biyu a gabansa, rabinta cikin daji. A zamanin nan kuwa da hanyoyinmu suka zama sai addu'a, babu mai hankalin da zai so magariba ta yi masa a hanya da mata da ƙananan yara. To me ya rage masa? Tsakar rana, lokacin da dabbobin ke barci.

Abin da ya faru da gidan Kawu ke nan. Da suka dawo na je yi musu barka da hanya, na tarar autarsu ta kumbura baki. Na ce, "Inna, me aka yi wa auta?"

Ta ce, "Ke dai bari 'yar nan. Giwa take wa kuka. Ba mu isa ba sai bayan sha biyu, rana ta ƙwalle. Birai muka gani da mugun dawa, yara maza suka faɗa ruwa, ƙarfe uku Kawunki ya ce a tattara kada dare ya yi mana."

Na ce, "Ba ku koma washegari ba?"

Ta ce, "Da wane mai? Da wane jiki?"

Ba ina cewa duk wanda ya kwana a Wikki sai ya ga giwa ba ne. Daji ne mai faɗi, giwayen kuma yawo suke yi, wani sai ya yi kwana uku bai ga ko kashinsu ba. Ganinsu rabo ne. Amma wanda ya shiga fitar yamma ya kuma shiga ta safe ya jefa ƙugiyarsa sau biyu a lokacin da kifi ke ci. Mu a fitar safe muka yi kiciɓis da garken ɓauna a kusa da kogi, sanyi na kaɗa mu muna ƙudundune cikin mayafi, ɗan Yayata ya ƙanƙame ni yana raɗa mini wai shanun wane ne waɗannan babu makiyayi.

Sai maganar ruwan Wikki, wadda mu mata ta fi shafa. Da rana, musamman ranakun Asabar da Lahadi da lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, wurin cike yake da samari da 'yan yawon makarantu. Wace 'yar mutunci ce za ta shiga ruwa a gaban wannan taro? Sai dai ki zauna a gefe kina gadin takalma da kayan ƙannenki. Amma da muka kwana a ciki, ana idar da sallar asuba gari ya ɗan waye muka gangara ni da Yaya, mijinta ya tsaya mana daga sama. Babu kowa sai kukan tsuntsaye, ruwan na tururi saboda sanyin gari. Muka shiga da suturarmu muka yi wasanmu son rai. Wannan kam da a gari muka kwana, da sai dai mu ji labari a bakin maza.

Sauka A Gidan Dangi

Akwai hanya ta uku wadda ita ce ta gado a wurinmu. Bahaushe in zai yi tafiya ba otal yake fara tunani ba, tambaya yake wa muke da shi a garin. Gidan Kawu ma a wurin wasu danginmu suka sauka, kuma kowa ya ce ai an huta da kuɗin ɗaki. Zumunta a ƙafa take, wannan gaskiya ne, kuma ladan ziyara ba ƙarami ba ne. Amma mu faɗa wa juna gaskiya tsakaninmu mata, saukar gidan dangi ba kyauta ba ce.

Za ki je gidan mutane da yara takwas hannu na dukan cinya? Daga Bakori kika fito, garin noma, dole a ɗora buhun masara ko na dawa a bayan mota, da jarkar man gyaɗa, da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Uwargidan can a riƙe mata ko turmin atamfa ne. Maigida in mai kunya ne zai sa hannu a cefane. Ranar tafiya a bi yaran gidan da 'yan kuɗin sallama. Ki sa wa wannan buhun farashin da za a saye shi a kasuwa, ki tara da sauran, za ki sha mamaki.

Su ma masu gidan suna biyan nasu. An tashi yaransu daga ɗakinsu an kai su falo, an yanka kazar da ake tattali, matar gida ta kwana a tsaye a bakin murhu. Ba za su taɓa faɗa ba, amma mun san baƙo raɓa ne, in ya yi yawa sai ya zama ruwan sama. Kuma a gidan mutane ba ki da ikon lokacinki. Ba za ki ce za ku fita da asuba ba alhali an ɗora muku kunu ana suyar ƙosai. An karya, sai a ce ku leƙa ku gai da tsohuwa a unguwar gaba, daga nan a ce ai wance ta haihu. Abin da ya sa su Inna ba su bar gari ba sai ƙarfe goma ke nan.

Shawarata a nan ita ce a raba biyun. In zumunci aka je, a zauna a yi zumunci da zuciya ɗaya. In kuma Yankari aka je, a ba dangi daren isowa ko na komawa, a gaya musu tsarin tafiyar tun kafin a taso, don kada su ga kamar an mai da gidansu tasha.

Gajiyar Da Ba Ta Shiga Lissafi

Akwai wani kuɗi da maza ba sa gani don ba daga aljihu yake fita ba, daga jikinmu yake fita. Wa ke tashi ƙarfe huɗu ta dafa abincin da za a zuba a kula? Wa ke wanke yara, ta shirya jakar mai shan nono, ta riƙe mai amai a mota awa biyu zuwa awa biyu dawowa? In an dawo da dare kowa ya miƙe ƙafa, wa ke wanke kuloli da kayan da aka jiƙa a ruwa? Uwa ce, da babbar 'yarta, wato ke mai karanta wannan shafi. An ce an kawo ku hutu, amma aikin gida ne ya biyo ku har Bauchi ya ƙaru da na hanya.

Lokacin da ake shirin tafiyarmu, mijin Yaya shi ma da farko gari ya so a kwana. Yaya ba ta yi masa musu a gaban yara ba. Sai da dare bayan ya ci abinci ta kawo takardar da muka rubuta, ta ce, "Maigida, ga ɗan lissafin da muka yi da ƙanwarka, ka duba mana ko akwai gyara." Ya daɗe yana kallon takardar, ya yi dariya ya ce, "Wato har da kuɗin ciwon bayanki kika sa?" Ta ce, "Ai shi ne ma ya fi tsada, don in na kwanta kai za ka sayi magani." A nan aka gama magana, babu wanda ya ɗaga murya.

Inda Gari Ya Fi

Kada ku ce na zama 'yar tallan ɗakunan daji. Akwai gidajen da kwana a ciki ba zai taɓa yi musu sauƙi ba. Amarya da ango, ko mai mata ɗaya da yara biyu ƙanana, ɗaki ɗaya ya ishe su. Amma ki ɗauki gida irin namu na nan, mata biyu, yara goma sha ɗaya, ga Hajiya tsohuwa an ce ba za a bar ta ba. Addini ya ce a raba wa yara makwanci in sun kai shekara goma, don haka 'yan mata da ɗakinsu, samari da nasu, kowace uwar gida da nata. Ɗaki huɗu ko biyar ke nan. A nan ratar da ke tsakanin farashin ciki da na gari sai ta ninku sau biyar, man motar kuwa bai ƙaru ba tunda bas ɗaya ce. Irin wannan gida zai iya samun sauƙi a gari, in dai za a yi sammakon gaske a yi yini ɗaya cikakke.

Haka mai jinya ko mai tsohon ciki, kusa da asibiti ya fi mata, asibitocin kuwa suna gari. Sannan garin Bauchi shi ma yana da abin gani. Akwai kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, da ɗan wurin da aka adana kayansa. Ga fadar Sarkin Bauchi, ga kasuwar Wunti don tsaraba. 'Yar makarantar da ta tsaya a gaban wannan kabari ba za ta sake manta darasin tarihin ba.

Wannan gardama ba mu kaɗai ke yin ta ba. Ki tambayi duk Hajiyar da ta je Umra, za ta gaya miki masaukin da ke jikin Harami ya fi tsada nesa ba kusa ba, na unguwanni masu nisa kuma ya fi sauƙi amma sai an yi ta jiran mota, har wata sallar ta kuɓuce. A Amurka ma akwai wani katafaren wurin wasan yara a jihar Fulorida mai suna Disney World, wanda aka buɗe a 1971. Iyalai a can haka suke zama su yi ta auna otal ɗin ciki da na waje. Na waje ya fi araha amma kullum sai ka biya kuɗin ajiye mota, na ciki kuwa tun daga 2021 ana barin baƙinsa su riga kowa shiga da rabin awa. Kin ga ko a can, abin da mai kwana a ciki ke saya da ƙarin kuɗinsa shi ne safiya.

Tsarin Da Ya Yi Mana

Daga Bakori zuwa Bauchi tafiyar yini ce, ko an bi ta Zariya da Saminaka da Jos, ko ta Malumfashi da Gwarzo a faɗa Kano a bi ta Birnin Kudu da Ningi. Duk wadda aka bi, sai yamma ake isa, don haka daren farko dole a gari za a kwana. Mu washegari muka yi sammako muka isa Wikki da hantsi, yara suka sha ruwa, muka shiga fitar yamma, muka kwana. Da asuba muka yi namu wankan, muka shiga fitar safe, muka leƙa gidan tarihi, bayan azahar muka kamo hanya muka kwana a gari, kashegari sai gida.

Ki lura, dare uku muka yi a waje amma ɗaya kacal muka biya da farashin daji. Kuma ko da ba mu kwana a can ba, ai sai mun biya wani ɗakin a gari a wannan daren. Saboda haka abin da za a auna shi ne ratar da ke tsakanin farashin biyu na dare ɗaya, a gefe guda, da kuma man kilomita 220 da gajiya da asarar safiya a ɗaya gefen. Da yawa daga magidanta cikakken kuɗin ɗakin suke kallo su tsorata, ba su cire wanda za su biya a gari ba.

Tsadar abinci kuma mun kashe bakinta da guzuri. Yaya ta yi dambun nama da soyayyar miya da cincin, muka riƙe gari da ƙuli-ƙuli da burodi da kayan shayi da filas biyu, da ruwan sha mai yawa. Sau ɗaya kawai muka sayi dafaffen abinci. Amma fa a kiyayi gwaggon biri! Waɗannan ɓarayin sun san leda, sun san kula. Ina kallo wani ƙato ya fizge burodi daga hannun wani yaro ya haye rufin ɗaki yana ci yana kallonmu. A rufe ƙofa da taga, a rufe gilashin mota, kada a bar yaro ya fita da abinci a hannu, kuma kada a ba su da sunan tausayi.

Ga abin da za ki rubuta a takardarki, ki raba ta gida biyu, ɗaya ciki ɗaya gari:

Yawan ɗakunan da gidanku ke bukata, da kuɗin kowane a dare.
Man mota ko kuɗin shata na kowace rana.
Kuɗin ƙofa, da na motar zagaya daji.
Abinci sau uku, a cire abin da guzuri zai ɗauke.
Tsaraba da cefane da sallamar yara, in gidan dangi ne.
Ɗan abin da za a ɓoye don lalura, kamar facin taya ko zazzaɓin yaro.

Kada a dogara da farashin da wani ya faɗa bara, kaya na canzawa. A sa wanda ke Bauchi ya bincika na yanzu, ya kama ɗaki tun da wuri in lokacin hutun ƙarshen shekara ne don wurin kan cika, ya kuma tambayo lafiyar hanya kafin a taso. Matambayi ba ya ɓata. In da hali a zaɓi tsakiyar mako, kuma a tuna dabbobi sun fi ganuwa idan rani ya yi nisa, daga bayan sanyi zuwa kafin saukar ruwan farko.

Abu na ƙarshe, kafin a cire ko sisi don Yankari, a ware kuɗin makaranta da na takin baɗi a ɗaure su daban. In lissafin ya nuna sai an ci bashi ko an taɓa hatsin da za a ci da damina, to a haƙura, dajin ba gudu zai yi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A shiga adashi a tara a hankali, a je wata shekarar cikin kwanciyar rai.

Ku kuma ƙannena, wannan lissafin da Malam ke wahalar koya muku a aji ga ranarsa ta zo. Ki zauna da Mama ku rubuta, ki kai wa Baba cikin ladabi ki ce ya duba miki. Wadda ta je ta dawo ta rubuto mana yadda tasu ta kasance, ko a ciki aka kwana ko a gari, da abin da ya fi cin kuɗi, don 'yan uwa su ƙaru.

Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya sa albarka a abin da muka noma. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum, daga Bakori.